Ajin asalin kalmomi na ranar Asabar a Kabuga: na ƙaru sosai, amma ɓangaren Nostratik ɗin da suka yi talla da shi akwai magana

Ajin nan da ake ta yawo da fostarsa a WhatsApp, wanda aka rubuta wai zo ka ji yadda Hausa ta haɗa kaka da Turanci da Turkanci da yaren Indiya, ra'ayin da masana ke kira Nostratik, to na shiga har an kammala da ni, kuma tunda jama'a suna ta tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu bari na faɗi abin da na gani. In burinka ka koyi yadda ake bin sawun kalma har a gano tsohuwar siffarta da abin da take nufi a da, je ka biya kawai, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuma waccan maganar ta fosta ce ta ja ka, to ka rage buri tun daga gida, don shi kansa malamin bai yarda da rabin abin da aka rubuta a jikinta ba, yaransa ne suka tsara tallan.

Wajen dai wani ɗaki ne a saman bene, ƙasansa shagon littattafai da fotokwafi, ba nisa da tsohuwar jami'ar Bayero, duk ɗan adaidaita ya san layin. Asabar ake yi daga sha ɗaya zuwa azahar, wata biyu, kuɗin dubu ashirin, hanawut ɗin kuma daban ake biya dubu uku, ana karɓar tiransifa. Malamin dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ba ya ɗaga murya, in ka zauna baya sai ka kasa kunne sosai balle in an tada janareta. 'Yan ajin kuwa gauraye muke, malaman Hausa na sakandare, marubuta biyu uku, wani mai gabatar da shiri a rediyo, wani alaramma daga cikin gari, sai wata Hajiya 'yar Fika da ke jin Bolanci, wadda daga baya ta zama kamar rabin ajin saboda kullum ita ake juyawa a tambaya.

Abin da ya fara yi mana shi ne ya kashe mana ɗabi'ar nan tamu ta cewa kalma kaza daga kaza ta fito don kawai sun yi kama a kunne. Ya rubuta hannu a allo ya rubuta hand ta Turanci a gefe, yace wa ya yarda gida ɗaya suka fito, kusan rabin ajin suka ɗaga hannu, sai ya ƙara ni ta Hausa da ni ta yaren Basque da ke tsakanin Sifen da Faransa, ma'ana ɗaya furuci ɗaya, ya ƙara bad ta Turanci da bad ta Farisanci duka suna nufin mummuna, sannan yace duk waɗannan babu wadda ta san wata, dace ne kawai. Sai kuma ya kawo erku, biyu kenan a yaren Armeniya, da duo ta Latin, ko kama babu, yace waɗannan kuma uwa ɗaya uba ɗaya, don an gano ƙa'idar da ta sa dw ta koma rk a Armeniyanci kuma ƙa'idar tana maimaita kanta a wasu kalmomin. Maganarsa kullum ita ce kama ba hujja ba ce, hujja ita ce sauyin sauti mai bin ƙa'ida, wanda in ya faru a kalma ɗaya za ka same shi a duk sauran kalmomin da ke da irin wannan muhallin.

Inda ajin ya fi daɗi wallahi shi ne da ya juyo kan Hausa kanta. Ni da nake Bakano haifaffe ban taɓa tsayawa na tambayi me ya sa ake cewa talaka amma a ce talauci ba, ina k ɗin ta tafi? Ko farke da fatake, ina t ɗin a tilo? Ko Buzu da Bugaje? Ashe wani Bajamushe August Klingenheben ya bayyana abin tun ƙarshen shekarun 1920, cewa a tsohuwar Hausa baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa yana laushi, k da g su koma u, t da d su koma r mai gare, don haka talauci asalinta talakci ce, farke kuma fatke, jam'in ne ya riƙe tsohon baƙin saboda a can wasali ya biyo bayansa. Kuma abin da ya sa aka yi ta dariya, yace mu Kanawa mun zarce kowa a wannan laushin, don mu har b da m mun narkar, Basakkwace yana cewa zamna mu zauna, yana cewa sabka mu sauka, abduga mu auduga, wato dai a nan nasu ne tsohon yayi namu ne sabo. Alaramma yace Malam ai Hausar Kano ita ce daidaitacciya, Malam yace eh Alaramma, daidaitacciya ce amma ba ita ce babbar ya ba. Ya ba mu aikin gida mu tattaro kalmomin da s ke komawa sh, t ta koma c, z da d su koma j in i ko e ta biyo baya, irin ƙasa ƙasashe, mota motoci, kaza kaji, gida gidaje, kuma daga nan ne mutum ke fara ganin cewa harshe da harsuna saiwarsu hars ce, sh ɗin baƙo ne, ga kuma halshe da ake faɗa a yamma. Ka riƙe wannan don zai dawo.

Daga nan aka fita waje zuwa dangin Cadi, harsuna fiye da 150 a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, Hausa ce babba a yawan jama'a amma ba ita ce uwarsu ba, 'yar uwa ce kamar kowa, mafi kusa da ita Gwandara, sai su Bole da Karekare da Ngizim da Bade da Angas da Tangale. A nan Hajiya ta yi rana. Malam yace Hajiya ya kuke cewa huɗu, tace poɗɗo, ya rubuta kusa da huɗu da fuɗu, ya ƙara fdw ta tsohon yaren Misira na zamanin Fir'auna, aji ya yi tsit. Yace ruwa fa, tace amma, yace Ngizim kuma am, ga Larabci ma'u, wato maƙwabtanmu sun riƙe tsohuwar kalmar mu ne muka yar da ita muka ɗauki wata. Ya nuna mana kuma yadda tsohuwar r ta Cadi ta koma y ko i a Hausa, shi ya sa muke cewa mai da kifi da wuya alhali a 'yan uwanmu za ka ji r tana nan a ciki, mar, kirfi, wura da makamantansu. Wannan darasin kaɗai a wajena ya fanshe dubu ashirin ɗin.

Rigimar Larabci ta ɗauki zama guda cur kuma ba a yi asara ba. Alaramma ra'ayinsa duk kalmar da ta yi kama da Larabci to daga Larabci muka samo, kuma gaskiya ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin a garin nan ba. Malam ya raba allo biyu. Gefe ɗaya aro: littafi, alƙalami, alƙali, ashirin, talatin, lahira, kasuwa wadda ma ta Barebari ta biyo kafin ta iso mu. Ɗaya gefen gado, ta Hausa kusa da ta Larabci: mutu da mata (wato ya mutu), suna da ism, harshe da lisan, me da ma, sai ka da ki da ku da ke daidai da ka, ki, kum na Larabci, sai ya da ta na namiji da mace a gaban aikatau, sai ma ɗin da ke gaban mabuɗi da makaranta kamar yadda take a miftah da maktab. Yace Alaramma ta ina za a ce mun ari mutuwa da suna da harshe, alhali mutanen da ke kan duwatsun Filato da Mandara suna da kalmomin nan su ma, kowa da irin sauyin da ƙa'idar yarensa ta ba shi, wasu sum suke cewa suna, Abzinawa kuma iles suke kiran harshe? Wato Hausa da Larabci da Ibrananci da Amharik da Somali da yaren Buzaye da na tsohuwar Misira dangi ne, babu wanda ya haifi wani, shi ne ake kira Afro-Asiya. Alaramma bai sallama gaba ɗaya ba amma mako na gaba shi ya zo da jerin kalmomi yana tambayar wanne aro wanne gado.

Na ji daɗi da ya tuna mana cewa garin nan yana da hannu a tarihin ilimin. Joseph Greenberg ɗan Amurka, wanda rabe-raben harsunan Afirka da ya fitar a 1963 har yau da shi ake aiki, a ƙasar Kano ya yi bincikensa na farko cikin Maguzawa a 1938 zuwa 1939, kuma shi ya rushe tsohon tsarin nan na Hamitik da aka gina kan launin fata da kiwon shanu, ya mayar da Fulatanci dangin Neja-Kongo, ya tsayar da Cadi a matsayin cikakken reshen Afro-Asiya. Paul Newman da Roxana Ma suka fitar da kwatancen sautuka da kalmomin Cadi a 1966, Newman ɗin nan kuma shi ne daraktan farko na cibiyar nazarin harsunan Najeriya da ke Bayero a farkon shekarun 1970. Shi ne ma ya rubuta a 2013 cewa boko ba daga book ta fito ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba. Mai rediyo yace shi shekara da shekaru yana faɗa wa masu sauraro akasin haka.

To sai a makonnin ƙarshe aka iso Nostratik, abin da aka tara mu da sunansa.

Tarihin ya kawo shi tsaf. Holger Pedersen ɗan Denmak ne ya ƙirƙiro sunan a 1903, amma aikin gaske a Mosko aka yi shi a shekarun 1960, matasa biyu, Vladislav Illich-Svitych da Aharon Dolgopolsky. Ra'ayin shi ne manyan dangogi shida duk kaka ɗaya suka fito: Indo-Turai (su Turanci, Farisanci, Hindi, Rashanci), Ural (su yaren Finlan da Hangari), Altai (Turkanci, Mongol da sauransu), Kartvel (yaren Jojiya), Dravida (su Tamil a kudancin Indiya), sai namu Afro-Asiya. Illich-Svitych mota ta kashe shi a 1966 yana ɗan shekara 31, abokan aikinsa ƙarƙashin Vladimir Dybo suka fitar da ƙamus ɗinsa kashi-kashi a 1971 da 1976 da 1984, saiwoyi 378. Dolgopolsky ya koma Haifa ya ci gaba har ya fitar da nasa ƙaton ƙamus a 2008 mai saiwa wajen 3000, ya rasu 2012. Akwai kuma Allan Bomhard a Amurka da ke nasa tun shekarun 1980. Duk saiwar da aka sake ginawa ana sa mata tauraro a gaba don a nuna ba a taɓa ganinta a rubuce ba, lissafi ne ya ba da ita, kuma don kar mu raina tauraron sai ya ba mu labarin Saussure, masanin harshe ɗan Suwizalan, da ya ce wajen 1879 lallai akwai wasu sautuka da suka ɓace a kakan Indo-Turai, babu wanda ya taɓa jin su, sai ga shi an tono allunan Hittiyawa a Turkiyya, an karanta su a 1915, a 1927 Kuryłowicz ɗan Polan ya nuna ɗaya daga sautukan nan zaune a wasu guraben da aka ce zai kasance. Wato hanyar tana aiki. Tambayar ita ce ko tana kaiwa shekara 12,000 ko 15,000 baya, alhali shi Indo-Turai ɗin wajen shekara 6000 ake ba shi.

Hujjojin da suka fi ƙarfi ya kawo su babu rowa. Ruwa: water a Turanci, voda a Rashanci, watar a Hittiyanci, sai ga vesi da vete a yaren Finlan da víz a Hangari, aka gina *wete. Suna: nomen a Latin, naman a Sanskrit, tsohon yaren Indiya, nimi a Finlan. Wakilin suna kuma m na ni da t ko s na kai, me da te a Latin, minä da sinä a Finlan, men da sen a yarukan Turkawa, me a Jojiya. Tambaya da k, kim a Turkanci, quis a Latin. Gaskiya in ka ga an jera su sai tsigar jikinka ta tashi, ba na jin mai hankali zai ce babu komai a wajen. Amma ka lura duk misalan nan masu kyau arewa suke, tsakanin Indo-Turai da Ural, mutanen da suka zauna maƙwabtaka dubban shekaru, har wasu masanan ma na cewa ruwa da sunan aro ne tsakaninsu. Mu fa? Da muka ɗauki jerin kalmomi 15 da Dolgopolsky ɗin da kansa yace su suka fi wuyar sauyawa, ni, biyu, kai, wa da me, harshe, suna, ido, zuciya, haƙori, a'a, farce, ƙwarƙwata, hawaye, ruwa, matacce, muka jera na Hausa kusa da na Finlan da Latin, ni da kai ba su shiga tsarin m da t ba, ruwa bai shiga ba, suna bai shiga ba, me ce kaɗai ta ɗan yi murmushi wajen mikä ta Finlan, ita kuma baƙi ɗaya ce da wasali, irin wadda dace ke samarwa cikin sauƙi.

Matsalar ma'ana ita ce ta fi tsaya min a rai, kuma a nan nake ganin ya kamata a ce an ba da cikakken zama ba rabin zama ba. Sauti yana da ƙa'ida, in an ce k ta koma u a ƙarshen gaɓa za ka iya zuwa ka duba ka kama mai ƙarya. Ma'ana ba ta da irin wannan ƙa'idar. Kowa ya san tana tafiya, waya ƙarfe ce siriri da Turawa suka ja a kan turaku, ta koma saƙon da ake bugawa, ta koma tarho, yau ga ta a aljihu babu ko zare a jikinta, duk cikin shekara ɗari da 'yan kai. Kuɗi jam'in wuri ne. Jirgi na ruwa ne kafin ya hau dogo ya tashi sama. Amma waɗannan mun san hanyar da suka bi mataki mataki don kakanninmu sun gani. To wanda ya zo bayan shekara 12,000 ba shi da ko takarda ɗaya, in ka ba shi izinin ya haɗa ƙarfe siriri da abin kira a aljihu ai ka ba shi izinin haɗa komai da komai. Kuma haka abin yake a shafukan da aka raba mana, sai ka ga saiwa an ce ma'anarta kumbura ko faɗaɗa, a ƙarƙashinta an tara abin da ya shafi girma a wannan yaren, ƙurji a wancan, tudu a na uku, ko a ce yanka ko tsaga sai wuƙa da rami da rabo duk su samu wajen zama. Saiwar kuma yawanci baƙi biyu ne da wasali wanda sau da yawa ba a ma tantance shi ba sai a sa V babba a madadinsa. Ka ɗauki baƙi biyu, ka buɗe ƙofar ma'ana haka, ka ce kana da damar nema a ɗaruruwan harsuna, Cadi kaɗai ta ba ka fiye da 150 ka zaɓa, wallahi sai ka samu ko me kake nema. Wannan shi ne sukan da Don Ringe ya yi da lissafi a shekarun 1990, Lyle Campbell kuma ya bi saiwoyin Illich-Svitych ɗaya bayan ɗaya a 1998 yana ware masu kwaikwayon sauti da gajeru da waɗanda ma'anarsu ba ta haɗu ba da waɗanda marubucin da kansa ya sa musu alamar tambaya. Malam ya ambace su amma a gurguje, lokacin an kusa kiran salla.

Akwai misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye kuma shi ne ya fi komai fito min da matsalar fili. Ƙashi. A tsohuwar Misira qs, a yaren Buzaye da 'yan uwansu Berber na arewacin Afirka ighes, wannan a cikin Afro-Asiya zaune yake daram. 'Yan Mosko suka haɗa shi da kost ta Rashanci mai nufin ƙashi da costa ta Latin mai nufin haƙarƙari, kuma a ƙa'idarsu ya yi daidai, don su sun ce ƙ mai ƙugiya ta Nostratik k take komawa a Indo-Turai. Shi kuma Bomhard yana bin ra'ayin Gamkrelidze da Ivanov da Hopper na 1973, cewa abin da aka saba rubutawa g da d a kakan Indo-Turai asalinsu baƙaƙe ne masu ƙugiya irin namu, don haka a wajensa ƙ da g take tafiya ba da k ba. To ka ga in nasa ne daidai ƙashi da kost sun rabu. Bayan haka ma kalmar ƙashi da ta game Indo-Turai ba ta da k ɗin sam, osteon ce a Girkanci, os a Latin, asthi a Sanskrit. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ɓangarorin biyu ƙa'idojinsu sun saɓa a kan manyan baƙaƙe, amma kowa ya tara ɗaruruwan saiwoyi masu goyon bayansa. Na tambaya nace Malam in ƙa'ida biyu masu karo da juna kowacce ta haifi ɗaruruwan misalai, ba alama ce cewa hanyar tana samar da misali ko da babu gaskiya ba? Yace ɗana ka yi tambayar da manya suka yi, ya yi dariya, ya wuce. Na so ya tsaya a nan. Abu ɗaya da zan yaba, bayanin baƙaƙe masu ƙugiya da ke wahalar da Turawa mu cikin minti biyar muka wuce shi, tunda kowa a ɗakin ya san bambancin kafa da ƙafa tun yana goye.

Sannan ga babbar maganar da fostar ta ɓoye: ko a cikin masu imani da Nostratik ba kowa ya yarda muna ciki ba. Sergei Starostin, babba a makarantar Mosko da ya rasu 2005, ya karkata ga cewa Afro-Asiya ta tsufa da yawa, 'yar uwar Nostratik ce ba 'yarta ba. Greenberg ɗin namu da ya fitar da nasa babban dangin mai suna Yureshiyatik a 2000 da 2002 bai sa Afro-Asiya a ciki ba. Altai da aka jingina da shi masana da yawa sun ce ba dangi ba ne, zaman tare ne ya sa suka yi kama. Ita kanta Afro-Asiya ƙamus biyu na saiwoyinta suka fito a shekara ɗaya, 1995, na Christopher Ehret da na Orel da Stolbova, kuma abin da suka haɗu a kai kaɗan ne. Wato ana ɗora bene ne a kan ginin da tubalinsa bai bushe ba. Barebari da Fulani da Yarabawa kuwa ba sa cikin lissafin kwata-kwata, abokina Bafulatani da muka je tare yace ashe shi ɗan rakiya ya zo.

Ƙorafina na gaske a kan hanawut ne. Dubu uku muka biya, amma shafukan Nostratik ɗin fotokwafin fotokwafi ne, ɗigon da ke ƙarƙashin k da t ya ɓace a wurare da yawa, wasu haruffan kuma kwamfutar shagon ba ta gane su ba ta buga akwati akwati a madadinsu. A wani fannin wannan ƙaramin abu ne, a nan kuwa ɗigon shi ne duk maganar, in ya faɗi ka mayar da ƙ ta zama k ka rushe hujjar da ake ginawa. Mun yi magana aka ce za a sake bugawa, har aka gama ba a sake ba, sai dai yaron Malam ya turo hotunan shafukan a guruf, wasu a karkace. Na biyu, a ɓangaren Hausa da Cadi Malam daga kansa yake magana, ya kawo misali daga Gumel ya kawo daga Katsina, amma da aka zo Jojiya da Tamil sai ya koma karantawa daga takarda, kuma ya faɗa da bakinsa cewa bai san yarukan ba, wanda na girmama, sai dai hakan na nufin ba wanda zai iya tantance ko kalmar da aka kawo haka take ko an ɗan lanƙwasa ma'anarta. Na uku zafi, fanka biyu ne a ɗakin, in an ɗauke wuta janaretan a ƙarƙashin taga yake, rikodin ɗin da ake turawa rabinsa ƙara ce. Matakalar benen ma tsaye take, Hajiya sai an riƙe mata jaka. Banɗaki da wajen alwala dai babu laifi, akwai ruwa, kuma ana raba fiya wata kyauta.

Satifiket ɗin da suke bayarwa kar ka sa rai da shi, takarda ce mai kyau amma ba inda za ka kai ta.

Malaman Hausa na sakandare da ɗaliban da ke shirin rubuta furojet a kan karin harshe ko kalmomin aro su ne za su fi cin moriya, sai masu shirye-shiryen rediyo da ke amsa tambayoyin asalin kalma, don Allah ku kam ku je. Wanda bai taɓa jin gaɓa da saiwa da ɗafa-goshi ba zai ɗan sha wuya makon farko amma zai kamo, Malam ba ya ƙosawa da tambaya in dai ba a ƙurarren lokaci ba. Shawarata ga masu shiryawa su canja fostar su rubuta abin da suke da shi da gaske, tarihin kalmomin Hausa da danginta, su bar Nostratik ya zama ƙari a ƙarshe, ko kuma in sun nace da sunan to su ba shi zama uku cikakku, ɗaya na sauti, ɗaya na ma'ana, ɗaya na masu suka, su kuma ƙara zama guda kan abin da muka aro daga Barebari da Buzaye don an tsallake shi da sauri. An ce za a sake buɗe rijista bayan Salla. In za ka je ka zo da wuri ka kama kujerar gaba nesa da taga, ka taho da jan biro na mayar da ɗigon da injin ya cinye, in kuma kana da aboki mai jin Karekare ko Angas ko Margi ka ja shi ku tafi tare, an ce ana rage musu kuɗi.